Macijin da Anupras Ya Sassaƙa

Surukina, Anupras Rimkus, da gajeriyar ƙafar hagu aka haife shi, shi ya sa bai taɓa riƙe garma a gandun ubangidanmu ba. A wancan zamanin duk mutanen ƙauyenmu, a nan ƙasar Zemaitiya ta Lituwaniya, bayin gandu ne: rabin mako ka yi wa mai ƙasa noma, abin da ya rage ka nema wa cikinka. Sarkin gandu ya dubi yaron, ya ga ba zai iya bin doki a kunya ba, sai ya ce a bar shi ya yi kiwon dinya. A bakin fadama, yana tsaron dinya da 'yar wuƙa a hannu, ya koyi sassaƙa. Ni Domicele, matar ɗansa Rapolas, gida ɗaya na zauna da shi har ya rasu. Abin da ya faru kafin zuwana daga bakinsa na ji, yau kaɗan gobe kaɗan, don shi ba mai yawan magana ba ne.

Uwarsa ta rasu yana goye, sai kakarsa Agota ta rene shi. A gidan nan nasu akwai maciji a ƙarƙashin dutsen niƙa, irin namu da muke kira zaltis, marar dafi, mai duhun jiki da ɗigon rawaya biyu a bayan kai kamar 'yan kunne. Kullum da safe Agota takan gyara ɗankwalinta kamar mai shirin shiga coci, ta zuba madara a ɗan kasko, ta ƙwanƙwasa dutsen da yatsa. Sai ya fito a hankali, ya ɗaga kai, ya kai baki ga kaskon. Takan gaishe shi kamar yadda ake gaida dattijon gida, ta tambaye shi lafiyar shanu da ta hatsi. Kuma tsohuwar nan ba ta taɓa fashin coci ba ranar Lahadi, carbinta yana wuyanta har cikin barci. Ita ba ta ga wani karo tsakanin wannan da wancan ba.

In suna ɓare wake tare da Anupras, takan ba shi labarin da ta ji a wurin tata kakar. Ta ce kafin firistoci su zo da baftisma, tsawa tana da mai ita, Perkunas, kuma babban itacen nan mai tauri da muke kira azuolas nasa ne. Matattu ma suna da makiyayinsu, Velnias, wanda ke kora su zuwa makiyaya a can ƙarƙashin fadamu, yana kuma duba shanun masu rai. Da firistoci suka nemi kalmar da za su kira Shaiɗan da ita a harshenmu suka rasa, sai suka ɗauki sunan makiyayin nan, suka yi masa ƙaho da wutsiya. Har yau in ɗan ƙasarmu ya ce Velnias, Shaiɗan yake nufi. Agota ba ta faɗin haka da fushi. Tana faɗa ne kamar mai ba da labarin wani ɗan uwa da aka yi wa ƙazafi a gari mai nisa.

Anupras bai gama zama saurayi ba, wasu baƙin masu wa'azi suka sauka a cocinmu. Suka rataye wani ƙaton zane a fili, an zana itace a jikinsa, maciji ya nannaɗe shi yana raɗa wa mace magana a kunne, a ƙasa kuma wuta tana cin mutane. Babbansu mai murya ne. Ya ce duk gidan da ake ciyar da maciji, Shaiɗan ake ciyarwa, kuma mutanen gidan ba za su kwanta a maƙabartar coci ba. Uban Anupras, Jokubas, mutum ne mai tsoron Allah da gaske, matarsa kuma tana kwance a wannan maƙabartar. Ya dawo gida da tsakar rana fuskarsa ta yi fari fat, ya ɗauki shebur, ya ƙwanƙwasa dutsen niƙa da yatsa kamar yadda ya ga uwarsa tana yi.

Macijin ya fito. Bai san tsoron mutum ba, don haka bai gudu ba.

Da Jokubas ya gama, sai ya zauna a ƙasa daɓas, shebur ɗin a kan cinyarsa. Agota ta shigo ta gani. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta cire ɗankwalinta, abin da babu wanda ya taɓa ganin ta yi a gaban maza, ta naɗe gawar a ciki, ta ce da jikanta ya yi maza ya haƙa rami a bayan rumbu, a inuwa, domin rana takan yi kuka in ta ga gawar zaltis. Yaron ya haƙa, yana satar duban sama. Suka rufe shi, tsohuwa ta durƙusa ta yi masa kukan mutuwa irin wanda ake yi wa ɗan uwa, tana tambayarsa wa ya bar wa gidan.

Surukina ya ce ya daɗe yana jiran masifa. Ba abin da ya faru. Saniya ta haihu lafiya, hatsi ya yi kyau. Abin da ya canja shi ne, uwa da ɗa suka rage hira, kuma Jokubas bai ƙara shiga ɗakin niƙa ba har ya mutu. Shi kuwa yaron aka bar shi da tambayar da ba shi da wanda zai yi wa: mutum biyun da ya fi ƙauna a duniya, duk masu addu'a ne, wane ne a cikinsu ya yi wa Allah laifi?

Ya girma ya zama masassaƙin waliyyai. A ƙasarmu babu mararraba ko bakin rijiya da ba a kafa gungume da ɗan rufi a kai, da siffar wani mai tsarki a ciki. Anupras yakan ɗauki gizagonsa da wuƙaƙensa a buhu, ya ɗingisa daga ƙauye zuwa ƙauye. Manomi ya sauke shi duk tsawon lokacin ƙanƙara, ya ci baƙin burodi da dankali tare da iyalin gidan, in ƙanƙara ta narke ya bar musu waliyyinsu ya yi gaba. A haka ya haɗu da matarsa Salomeja, suka haifi Rapolas. Ya sassaƙa Yesu a zaune ya yi tagumi, ya sassaƙa Maryamu rungume da gawar ɗanta, ya sassaƙa Waliyyi Jurgis a kan doki yana sukar dodo. Amma a duk rayuwarsa bai yarda ya sassaƙa maciji ba. Dodon da kowa ke yi da jikin maciji, shi sai ya yi masa ƙafafun alade da kunnen kare, da gashin baki murɗaɗɗe irin na sarkin gandu sak.

Kipras maƙeri, abokinsa tun suna yara, shi ke ƙera siffar rana ta ƙarfe mai gicciye a tsakiya da ake ɗorawa a kan gungumen. Duk lokacin da ya ga sabon dodo sai ya tsaya ya karkata kai.

"Gurgu, wannan dodon naka kullum kamar zai tambayi mutum ina ya kwana bai zo gandu ba."

"Kai ka ga kama," in ji Anupras. "Ni abin da ke cikin itacen na fitar."

Ni kuwa gidanmu gidan tsanani ne, uwata ko sunan maciji ba ta bari a faɗa a kan abinci. Ina amarya na je ɗibar itace a bayan gida, na tarar da zaltis kwance yana shan rana. Na rarumi sanda. Sai na ji muryar surukina a bayana, ba da ƙarfi ba, yana cewa, "Bar shi, 'yata. Ya riga ki zuwa gidan nan." Na bar shi, amma na daɗe ina kallon tsohon da wani ido. Na lura ba ya ba su madara, ba ya yi musu magana. Yakan dai kauce musu a hanya kamar yadda ake kauce wa babba.

Sai shekarar amai da gudawa ta zo. Ciwon ya shigo lokacin girbi, ya bi gida gida. Ya ɗauke Salomeja tsakanin safe da yamma, ya ɗauke 'yar Kipras guda ɗaya da yake da ita. A lokacin muna da sabon firist, Fada Silvestras, saurayi siriri mai tari, ɗan manomi kamarmu, wanda da hannunsa ya riƙa taya mu haƙa kabari da masu haƙa suka ƙare. Da sanyi ya sauka ciwon ya lafa, dattawa suka yanke shawarar a kafa dogon gungume a mararrabar da ke gangarawa fadama, kusa da tarin duwatsun da aka tsince daga gonaki, don tunawa da waɗanda suka tafi da roƙon kada abin ya dawo.

Fada ya zo gidanmu da kansa wata rana da hantsi. Ina kaɗi a gefen murhu, na ji komai. Ya ce yana son a sassaƙa Maryamu tsaye, ta taka kan maciji. Surukina ya ce zai yi Maryamu da farin ciki, amma a nemi wani ya yi abin da ke ƙarƙashin ƙafarta. Fada ya tambayi dalili. Na zaci tsohon zai yi shiru kamar kullum, amma mutuwar matarsa ta sassauta wani abu a cikinsa. Ya ba da labarin kakarsa da ubansa da shebur, tun daga farko har ƙarshe, idonsa a kan hannuwansa.

Fada bai tsawata masa ba. Ya yi tari. Sa'an nan ya ce akwai abin da ba a cika faɗa a kan mumbari ba. Ya ce a wurin da Littafi Mai Tsarki ya ba da labarin gonar farko, ba a kira macijin da sunan Shaiɗan ba, an dai ce ya fi sauran dabbobi wayo, daga baya ne malamai suka fahimci cewa shi ne, kuma shi Fada a kan fahimtarsu yake. Ya ce al'umman da suka kewaye mutanen Littafin tun da daɗewa suna girmama maciji, suna ganinsa mai warkarwa, mai sabunta rai saboda yakan tuɓe fata ya fito sabo, har sarakunan Masar a goshi suke ɗaura siffarsa. Sa'an nan ya ba shi labarin Annabi Musa a jeji: yadda macizai suka addabi jama'a, Allah ya umarce shi ya ƙera maciji na tagulla ya ɗaga a kan sanda, duk wanda aka sara in ya dube shi sai ya rayu.

Anupras ya ɗago kai. "Allah ne ya ce a ƙera?"

"Shi ne, Baba."

"Maciji. A kan sanda."

Fada ya ce haka ne, kuma mutanen suka adana shi zuriya bayan zuriya, har suka fara ƙona masa turare, sai wani sarki nasu mai kishin Allah ya sa aka farfasa shi.

"To a can ma akwai tsofaffi irin kakata," in ji surukina a hankali. "Akwai kuma irin babana." Sa'an nan ya tambaya ko sarkin ya yi daidai.

"Littafin ya yabe shi, ni ma ba zan ce ya yi kuskure ba," in ji Fada. "Amma a cikin Littafin nan dai, Ubangijinmu Yesu ya kwatanta ɗaga shi a kan gicciye da ɗaga macijin nan a jeji. Duka biyun suna ciki. Ni ma ban gama gane shi ba."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta yi abin da ta surukina ta yi a ranar ba. Kamar wanda ya yi shekaru a ɗaki ɗaya, sai aka nuna masa akwai ƙofa a bayan kabad. Ya roƙi Fada ya maimaita labarin, ya maimaita. Ranar bai ci abinci ba, ya zauna a kan kututture a tsakar gida cikin sanyi, yana motsa leɓe. Washegari ya ɗingisa har gidan Fada ya ce macijin nan a kan sanda shi zai sassaƙa. Fada ya yi jinkiri, don ya san mutanensa, amma ya yarda, da sharaɗin Yesu ya kasance a sama.

Duk lokacin ƙanƙarar nan a rumfar sussuka ya yi shi. Maza suka jawo masa gungumen azuolas da dawakai, tsawonsa ya kai mutum huɗu a tsaye. In na kai masa miya nakan tarar da shi a durƙushe, numfashinsa na hayaƙi, yana fitar da ɓawon jikin macijin ɗaya bayan ɗaya da 'yar wuƙa. Mutumin da bai taɓa sassaƙa maciji ba, sai ga hannunsa ya san kowane lanƙwasa. Jikin ya nannaɗe gungumen yana hawa, kan ya tsaya daidai ƙarƙashin ƙafafun Yesu, baki a rufe, yana duban sama. In haske ya faɗo ta tsagar katako sai ka rantse yana motsi. Da ya zo shafa launi, ya aike ni gaɓar rafi na fasa ƙanƙara na ɗebo masa rawayar ƙasa. Ya sa ɗigo biyu a bayan kan. Na gani, shi ma ya ga na gani.

Labari ya fita, gari ya rabu. Wasu mata suka ce dama kakar gurgun nan mayya ce. Kipras ya zo ya tsaya a ƙofar rumfa, ya dubi aikin, ya ce shi ba zai ɗora ranarsa ta ƙarfe a kan Shaiɗan ba, a wurin da za a tuna da 'yarsa. Wannan karon babu wasa a muryarsa. Anupras bai yi gardama ba, ya ce ya ji. Sai da Fada ya hau mumbari ya ba da labarin jejin nan da kansa, Lahadi biyu a jere, sa'an nan maƙerin ya hura wuta. Ya kawo ƙarfen ya ajiye a ƙofarmu, bai shigo ba.

Ranar kafawa ita ce safiya ta farko da muka ji ɗumin rana a bayanmu bayan narkewar ƙanƙara. Duk ƙauyen ya fito. Maza suka ja igiyoyi, gungumen ya miƙe a hankali har ya tsaya, Kipras yana danna duwatsu a gindinsa da sandar ƙarfe. Fada ya sa farar rigarsa, ya fara addu'a.

Wata yarinya ce ta fara gani, ta ja zanen uwarta. Tarin duwatsun nan da ke gefe yana motsi. Daga kowace kafa zaltis ke fitowa, manya da ƙanana, suna hawan juna, suna murɗewa kamar igiyar da aka watsar, jikinsu na sheƙi. Mun san sukan kwana a irin wuraren nan lokacin sanyi, su fito in rana ta yi ɗumi. Amma ko tsofaffinmu ba su taɓa ganin masu yawa haka a wuri ɗaya ba. Amsa addu'a ta tsaya. Ba a jin komai sai sautin jikinsu a kan busasshiyar ciyawa.

Kipras ne ya fi kowa kusa, sandar ƙarfe a hannunsa. Na ga ya ɗaga ta har kafaɗa. Na dubi surukina, na ga bai ma san ana yi ba, ya tuɓe hula, idonsa a kan duwatsun, hawaye na bin gemunsa. Muryar Fada ta tsaya, sa'an nan ya ci gaba daga inda ya tsaya. Ya tsoma hannu a ruwan albarka ya yayyafa wa gungumen, ya yayyafa mana, ɗigon ruwan ya sauka a kan duwatsun da abin da ke kansu. Kipras ya daɗe da sandar a sama. Daga baya ya sauke ta a hankali, ya jingina ta da ƙafarsa.

Sai suka fara gangarawa fadama, kuma hanyarsu ta tsakiyarmu ta bi. Babu wanda ya motsa. Ɗaya ya bi ta kan ƙafata, ina da tsohon ciki a lokacin. Na ji nauyinsa da sanyinsa ta cikin takalmin, dogo ne, ya daɗe yana wucewa. Ni da aka rena da ƙin jin sunansa, na tsaya ina kallon ɗigon rawayar nan har ya shige ciyawa, kuma abin da na ji a ƙirjina ba tsoro ba ne, irin abin da nakan ji ne in tsawa ta yi kusa.

Har yau ba a daidaita a kan abin da muka gani ba. Wasu sun ce aljanu ne suka ga gicciye suka gudu. Wasu, musamman tsofaffin mata, sun ce gaisuwa suka fito yi. Da aka tambayi Fada, sai ya ce ɗumin rana suka ji, amma na lura bai kalli mai tambayar ba. Ni na tambayi surukina a hanyar gida. Ya daɗe yana ɗingisawa kafin ya amsa.

"Ban sani ba, 'yata. Na dai ji kamar an sauke mini kaya."

Da yamma Kipras ya shigo gidanmu da tulun giya, ya zauna, ya ce macijin ya yi kyau amma wutsiyar ta yi gajarta, kamar ƙafar wanda ya sassaƙa ta. Suka sha tare.

Ba a daɗe ba aka mai da Fada Silvestras wani gari, a can tarin ya kashe shi. Wani babban firist ya zo duba gungumen saboda ƙarar da aka kai, ya zagaya shi, ya daɗe yana kallo da hannu a baya, ya hau kekensa na doki ya tafi bai ce a sare ba. Surukina ya yi wasu shekaru yana aiki, amma bai ƙara yin babban abu ba. Idonsa ya dushe, ya koma sassaƙa cokula da lalube, yana raba wa duk wanda ya shigo. Ya rasu lokacin yankan ciyawa, da rana, a zaune a bakin ƙofa, aka kwantar da shi kusa da Salomeja.

Gungumen yana nan. A al'adarmu in gindin irinsa ya ruɓe, akan sare ruɓaɓɓen a sake kafa shi, don haka yana ta raguwa. Wutsiyar ta daɗe da shiga ƙasa. Yanzu kan macijin ya sauko daidai inda jikokina ke iya taɓa shi in sun yi ɗage, har wurin ya yi santsi. In ya ƙare gaba ɗaya, za a ƙone shi a wutar da ake hurawa a ƙofar coci a jajiberin Ista, kamar yadda ake yi wa kowane tsohon gicciye. Bana Rapolas ya duba gindin, ya ce gungumen zai iya ɗaukar ƙarin sara ɗaya nan gaba.